Wa zai tsaya miki? Amsa ga Hajiya mai fugu a Aboabo kan hawan shafi a Google

Tambayar ta zo mini daga wata Hajiya mai shagon fugu, wato rigar saƙa ta arewacin Ghana, da ɗinkin kaftani a Aboabo, nan Kumasi. Ɗan ƙanwarta ya buɗe mata shafin intanet bara, amma in ta rubuta "fugu Kumasi" a Google sai ta gaji da gangarawa ba ta ga shagonta ba. Wani yaro ya ce ta ba shi sidi 800 ya samo mata mahaɗai 1,000, wato linki daga wasu shafuka zuwa nata, cikin sati biyu. Wani kuma ya ce mata ba haka ake yi ba, sai ta ƙulla hulɗa da mutane a intanet. Tana son sanin wanne ne mai gaskiya, kuma wace irin hulɗa ake nufi.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ki ba yaron nan kuɗinki. Na biyun shi ya faɗa miki gaskiya, sai dai ya faɗe ta a dunƙule, shi ya sa ba ta yi miki amfani ba. Bari in warware miki ita.

Kin san yadda kakanninmu suka yi fataucin goro. Da kasuwar Salaga ta watse bayan yaƙin 1892, fatake suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Accra, daga baya zangon Kumasi ya cika. Baƙo in ya sauka da kayansa, ba ya shiga kasuwa yana shelar cewa shi mai amana ne. Gidan maigida yake sauka. Maigida ne zai ce wa dillali: wannan baƙona ne, ku ba shi kaya, na tsaya masa. Maganar tana da nauyi saboda shi maigidan an san shi, kuma in baƙon ya ci amana sunan maigida ne zai ɓaci. Da wani ɗan tasha da ba a san asalinsa ba ne ya faɗi wannan maganar, ko goro ɗaya ba za a bayar ba.

To, kusan a kan wannan tunanin aka gina Google. Larry Page da Sergey Brin, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da tsarin da suka kira PageRank, suka kafa kamfanin a 1998. Kafin su, injinan bincike sun fi duba abin da shafi ya faɗa game da kansa, kuma kowa ya iya yabon kansa. Su sai suka ce a duba su wa ke nuna shafin. Mahaɗi, wanda yaranmu ke ce wa linki, shi ne wannan rubutun da in kin taɓa shi zai kai ki wani shafi. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naki, kamar ya ce na san wannan, ku je wurinta. Kuma ba a auna su daidai da juna. Shafin da shi ma manya suka tsaya masa, shaidarsa ta fi ta wanda babu mai nuna shi. Yau Google tana duba abubuwa da yawa bayan mahaɗi, ma'aikatanta ma sun sha faɗa cewa nauyinsa ya ragu a kan yadda yake a da. Amma har yanzu yana cikin lissafi, musamman ga sabon shafi irin naki da ba a riga an san shi ba.

Yanzu ki dubi abin da yaron yake son sayar miki. Mahaɗai 1,000 cikin sati biyu ba mutane 1,000 ne da suka ga fugunki suka yaba ba. Na'ura ce ke watsa adireshinki a shafukan da aka buɗe don wannan sana'ar kawai. Shaidar zur ce, kuma Google ta daɗe da gane ta. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban mahaɗan bogi suka ɗaga shafin babban kantin JCPenney na Amurka, Google ta jefa shi ƙasa na tsawon watanni. A watan Afrilun 2012 ta fito da gyaran da ake kira Penguin don farautar irin wannan, a 2016 kuma ta mayar da shi cikin ainihin tsarinta, yana aiki kullum. A ƙa'idarta a rubuce, sayen mahaɗi ko sayar da shi don a hau maguɗi ne. Abin da ya fi faruwa yanzu shi ne ta yi biris da mahaɗan, ba su ƙara miki komai ba, kuɗinki ya tafi. In abin ya yi yawa, ma'aikacinta yana iya sa wa shafin hukunci da hannunsa, ki sha wuya kafin a ɗage.

Na ga wannan da idona. Wani mai sayar da kayan mota a Suame Magazine ya kira ni don shafinsa ya tsaya cik. Muka zauna a bencin ƙofar shagonsa, ƙarar guduma ta ko'ina, na buɗe Search Console a kwamfutata, wato ma'aunin da Google ke ba duk mai shafi kyauta. Muka shiga wurin da ake nuna masu kawo mahaɗi. Layi bayan layi, shafukan caca ne da na magungunan ƙarfin maza, wasu da rubutun da ni da shi ba mu iya karantawa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ni da nake sallah, sunan shagona ne a nan?" Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, ba kuɗin ba. Ke da kike sayar da sutura kin fi ni sanin araha ba ta ado.

Sai mu dawo kan hulɗa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka sai ya je ya nemo baƙi a intanet ya yi ta roƙonsu. Ke kina da mutane tuni. Shekara nawa kina wannan kasuwa? Ki zauna da ɗan ƙanwarki da takarda da biro, ki lissafa duk wanda kuɗi ko alheri ya taɓa haɗa ku: masaƙan da kike saro zugu a wurinsu a Daboya ko Tamale ko Bolgatanga, mai ɗaukar hoton bukukuwa da amarensa da angwayensa ke sa ɗinkinki, masu shirya biki, makarantar Islamiyyar da kika ɗinka wa kayan saukar karatu, ƙungiyar teloli in kina ciki, otal ko mai yawo da baƙi da ke turo miki masu sayen tsaraba bayan sun fito daga fadar Sarkin Asante ta Manhyia ko Bonwire, garin masaƙan kente. Sannan ku duba su wa ke da shafin intanet a cikinsu. Ba za su yi yawa ba, wataƙila biyar ko shida. Waɗannan biyar ɗin sun fi miki dubun yaron, domin akwai dalilin da ya sa sunanki zai fito a shafinsu, kuma mai karanta shafin nasu yana iya zama mai saye.

Yadda za ki nema ma yana da hanya. Mai hoton nan, misali, ya sa hotunan wani biki a shafinsa, ango sanye da fugun da ya fito daga shagonki. Kira shi za ki yi, ku gaisa, ki yaba aikin in ya cancanci yabo, sannan ki ce: "Ɗana, in ba damuwa ka rubuta a ƙarƙashin hoton cewa kayan ango daga wurinmu ne, ka sa adireshin shafinmu. Ni ma zan so in sa hotunan a nawa da sunanka." Wannan ba maguɗi ba ne, gaskiya ce aka rubuta. Abin da Google ta hana shi ne a mayar da musayar sana'a, ka sa ni in sa ka da duk wanda aka gamu da shi, har shafi ya cika da sunayen da ba ruwansu da fugu. Kuma ki bar shi ya rubuta da kalmominsa. Kada ki ce lallai kowa ya rataya mahaɗin a kan "fugu mai araha a Kumasi". In shafuka goma suka yi amfani da jimla ɗaya sak, an san baki aka haɗa. Sunan shagonki kawai ya isa.

Amma akwai tambayar da nake so ki yi wa kanki kafin duk wannan: in mutum ya taɓa mahaɗin ya iso, me zai tarar? Na duba shafuka da yawa na 'yan kasuwarmu, hoto ne da farashi da lambar WhatsApp, shi ke nan. Ba wanda zai nuna wa mutane irin wannan shafin sai don kunya. Alhali abin da ke cikin kanki ya fi kayan da ke kan kanta daraja a wannan fage. Kin san yadda ake bambanta saƙar hannu da ta inji, yadda ake ɗinke zugu mai faɗin tafin hannu ɗaya bayan ɗaya har riga ta tashi, dalilin da ya sa wata ke buɗewa kamar laima in mai ita ya juya a rawa wata kuwa ba ta yi. Kin san yadda ake wanke mai rinin baba kada ta zuba ta ɓata farin zaren. Kin san yadda mutumin da ke Landan ko Hamburg zai auna kafaɗarsa da tsawonsa ya turo miki ba tare da an yi kuskure ba. Kowanne daga cikin waɗannan shafi ne guda, da hotunan da kika ɗauka da kanki a shagonki. Ɗalibin jami'ar KNUST ta nan Kumasi da ke rubutu kan saƙar arewa, ko ɗan jaridar da ke shirya labari gab da 6 ga Maris yana tuna cewa fugu Kwame Nkrumah da abokansa suka sa a daren shelar 'yancin kai a 1957, irin shafin da suke nema ke nan su nuna. Ba sai kin roƙe su ba.

Ki rubuta da Turanci don yawancin masu bincike a Ghana da shi suke rubutawa, ki sa duka sunayen biyu da aka san rigar da su, fugu da batakari. Amma ina roƙonki ki yi na Hausa ma. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, a kan irin wannan batu kusan fili ne babu kowa, kuma akwai masu karatu a Najeriya da Nijar da zangunan Togo da Kodibuwa. Wannan shawarar tana da riba, amma ba zan ɓoye miki ba, har da son harshenmu a cikinta.

Maganar 'yan jarida tana son a tsaya a kanta, don a nan ne mahaɗi mai nauyi yake, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Shafuka irin su Graphic Online, MyJoyOnline, Citi Newsroom da GhanaWeb sun daɗe, ana nuna su daga ko'ina, shaidarsu tana da ƙarfi. Ɗan jarida ba ya neman talla, labari yake nema da wanda zai yi masa bayani a kan lokaci. Ki lura da masu rubutu kan kasuwanci da al'adu a yankin Ashanti, ki riƙa karanta abin da suke rubutawa, in wani ya yi kuskure kan saƙa ki gyara masa cikin mutunci a keɓe. Wata rana ki aika masa gajeren saƙo, kamar haka: "Ina sayar da fugu a Aboabo shekaru da yawa. Bana kuɗin zare ya sa masaƙa sun rage aiki, kuma hakan zai taɓa farashin kayan Sallah. In kana son yin labari a kai, zan haɗa ka da masaƙa biyu, kuma kana iya zuwa shago ka ɗauki hoto." Kin ga ba ki roƙi komai ba, kin kawo masa aiki ne a sauƙaƙe. Ki tabbata abin da kika faɗa gaskiya ne a lokacin. In labarin ya fito da sunan shagonki ba mahaɗi, ki gode masa tukuna, sannan ki tambaya ko za a iya ƙarawa. Wasu gidajen jaridar ba sa sawa, kada ki matsa. Ambaton ma yana sa mutane su rubuta sunan shagonki a Google su neme ki. Haka gidajen rediyon zango irin Zuria FM: hira ɗaya kan yadda ake gane fugu na ƙwarai tana kawo masu neman sunanki. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In labarin Sallah kike so, tun kafin azumi za ki fara gaisuwa.

In kuwa kuɗi kika biya aka rubuta labarin, ko kika ba wata mai yawan mabiya riga kyauta don ta yaba, wannan talla ce. Talla ba laifi ba ce, amma ƙa'idar Google ita ce a yi wa mahaɗin alama. Tun 2005 akwai alamar da ake kira nofollow, a 2019 aka ƙaro sponsored don abin da aka biya. Ma'anarsu ita ce mai shafin yana cewa na nuna hanya amma ban tsaya mata ba. Ɗan ƙanwarki zai gane su in ya duba. Ki biya talla don masu sayen da za ta kawo, kada ki biya da zaton za ta ɗaga ki a Google.

Wannan ya kawo mu kan Facebook da TikTok da Instagram da WhatsApp, inda na san a nan cinikinki ya fi tafiya. Yawan masu danna so ba ya ɗaga shafi kai tsaye, kuma mahaɗan da ake sawa a irin waɗannan wurare galibi suna ɗauke da waccan alamar. Abin da ake turawa a WhatsApp kuwa Google ba ta ganinsa sam. Amfaninsu shi ne a nan ake haɗuwa. A nan mai shirya bikin Accra za ta ga ɗinkinki, ku fara magana, wata shida bayan haka ta sa ki cikin jerin waɗanda take aiki da su a shafinta. Don haka ki riƙa amsa tambayar mutane ko ba saye za su yi ba, ki yaba aikin 'yan'uwanki teloli, in an tambaye ki abin da ba ki da shi ki tura mutum wurin mai shi. Zumunci a ƙafa yake, a waya ma sai an taka.

Akwai abu ɗaya da zai iya yi miki aiki da sauri fiye da duk waɗannan, kuma kyauta ne. In mutum ya rubuta "fugu Kumasi", sau da yawa abin da ke fara fitowa taswira ce da shaguna kaɗan a ƙarƙashinta. Wannan daga Google Business Profile yake fitowa. Google ta ce abu uku take dubawa a nan: dacewar shagon da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da yadda aka san shi. Ki yi rajista, ki sa alamar daidai ƙofar shagonki, ki sa lokutan buɗewa na gaskiya har da rufewar Juma'a, ki ƙara adireshin GhanaPostGPS cikin bayanin kwatance tunda tun 2017 muke da shi. Ki kula da wannan sosai: akwai Aboabo a Tamale, babbar kasuwa ce, kuma Tamale garin fugu ne. Duk inda za a rubuta adireshinki a rubuta Aboabo, Kumasi, a kuma faɗa ko Aboabo lamba ɗaya ce ko lamba biyu, sunan shago da lambar waya iri ɗaya a ko'ina. Sannan duk wanda ya karɓi kayansa ya ji daɗi, a lokacin da yake turo miki kuɗi ta waya, wato MoMo, yana godiya, ki tura masa mahaɗin ki ce ya rubuta abin da ya gani. Kada ki saya, kada ki yi alkawarin ragi don a ba ki taurari biyar, Google ta hana kuma tana gogewa. Wanda ya yi ƙorafi ki amsa masa a fili da ladabi, masu karantawa sun fi duba amsarki a kan ƙorafin.

Wasu za su zo miki da lamba, su ce darajar shafinki 5 ce za su kai ta 50. Wannan ma'aunin da suke kira Domain Authority na kamfanin Moz ne, wasu kamfanonin ma suna da nasu, Google ba ta aiki da shi. Ita ta daina nuna wa jama'a makin PageRank tun 2016. Wasu kuma za su ce za su sa ki a Wikipedia. Mahaɗan can ma nofollow ne, kuma masu kula da ita suna cire talla, ki bar wannan.

Batun lokaci, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. A shawarar da Google ta bayar ga masu ɗaukar ƙwararru, ta ce a saurari wata 4 zuwa shekara kafin a ga amfanin aikin. Duk wanda ya ce zai kai ki na ɗaya cikin sati biyu, ko ya ce yana da ɗan'uwa a Google, ki sallame shi da fatan alheri. A wurina, in kin samu mahaɗi ɗaya ko biyu na ƙwarai a wata, kina tafiya daidai.

Ki sa ɗan ƙanwarki ya haɗa shafin da Search Console a wannan satin, da imel ɗinki, ba nasa ba, haka ma rajistar sunan shafin ta kasance da sunanki, don na ga shagunan da suka rasa shafinsu saboda yaron da ya buɗe ya yi tafiya. Ya buɗe shafin a wayar da ba ta da tsada, da datar da kowa ke saye, ku ga ko hotunan suna buɗewa da wuri, tunda Google da fuskar waya take auna shafi yanzu. Sau ɗaya a wata ku zauna ku duba kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ki, da sabbin shafukan da suka nuna ki, ki kira masu su ki yi godiya.

Shafin farko da zan so ki rubuta shi ne na rini. In kin kira masaƙinki na Daboya, ki nemi izininsa, ki tambaye shi ranar da za su tsoma zare a baba, ɗan ƙanwarki ya je da waya cike da caji ya ɗauko daga tsomawa har shanya. Ki sa sunan garin da aikin masu shi yadda ya kamata, ki tura musu su gani kafin kowa.